Hanyar da damina ba ta rufewa

  Hirarmu ta yau bisa hanya take. Ba babbar hanya mai kwalta ba. Ƙananan hanyoyi na cikin gandun daji, inda gwamnati ta keɓe ma namun daji. Za mu ga abin da ke rufe su, da ƙaƙa ake gyaransu har su riƙa biyuwa rani da damina, da inda kuɗɗin aikin za su fito.

Kafin mu shiga magana, kowa ya ɗauki allonshi ya rubuta baƙin W, wanda ke farkon "wuta" da "wake". Ku dube shi da kyau. Ya gangara, ya hau, ya sake gangarawa, ya sake hawa. To, kudu da Yamai, bayan garin Sayi, akwai wurin da kogin Isa ya yi lanƙwasa kamar haka. Shi ya sa anka sa ma dajin wurin suna gandun W. A shekara ta 1954 anka maishe shi babban gandun ƙasa. Ƙasashe uku ke da shi: Nijar da Benin da Burkina Faso. Rabon Nijar hekta 220.000 ne, tsakanin ƙoramar Tapowa da kogin Mekuru. Akwai giwa, da ɓauna, da gwanki, da zaki, da dorina, da kada, da tsuntsaye iri-iri. A 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya, wato abin da dukan ƴan Adam ke da alhakin kiyayewa. Daga Yamai zuwa ƙofar Tapowa kamar kilomita 150 ne.

Shekara da shekaru, ga yadda aikin gandun nan ya kasance. In kaka ta wuce, ƙasa ta bushe, sai ma'aikatan gandun daji su shiga su kankare hanyoyi, su cike ramu, su sa wutar farko ga ciyawa tun tana da sauran ɗanye. Wajen watan Disamba a buɗe ƙofa, baƙi su zo kallo. In ruwa ya sauka sai a rufe. Ruwan can ya fi na Yamai yawa. Ƙorama ta cika ta yanke hanya, laka ta riƙe mota, ciyawa ta fi mutum tsawo. Abin da anka gyara da rani, damina ta ɓata shi. Baɗi kuma a sake daga farko.

Wani zai ce: to, mi ya dame mu? Giwa ba ta bukatar hanya. Gaskiya ne, giwa ba ta bukata. Amma ku tambayi kanku, wa ke jin daɗi ranar da hanya ta rufe? Maharbi mai farautar sata ba ya jiran mota. Da ƙafa yake shiga, ya san inda zai ƙetare ruwa, ya kuma san ma'aikacin gwamnati yana can bakin ƙorama motarshi ta kafe. Mai saran icce haka nan. Watau ƙofar da anka rufe, ga mai tsaro da mai kallo kaɗai ta rufu, ga ɓarawo a buɗe take. Sa'an nan ga ƴan rakiya masu nuna ma baƙi daji, da masu dafa abinci, da masu saida kayan hannu: rabin shekara suna da aiki, rabin shekara babu. Ga kuma ƙauyukan da ke gefen daji. Sau da yawa hanyar da ke kai ma'aikaci ga aikinshi ita ce mai kai mace mai naƙuda likita, ita ce mai kai wanda maciji ya sara. In ta yanke, ta yanke ma kowa.

Wajibi ne mu faɗi gaskiyar halin da ake ciki. Tun wajen 2020 ƴan bindiga sun sami mafaka cikin dajin W, baƙi sun daina zuwa. A Kure ma, inda raƙuman dawa suke, kilomita 60 daga Yamai bisa hanyar Doso, ran 9 ga watan Agusta 2020 an kashe mutum 8, shida Faransawa, biyu ƴan ƙasa. Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu, ya kawo mamu kwanciyar hankali. Ba mu ce ma kowa ya ɗauki diga ya shiga inda babu tsaro ba. Amma ba dukan dazuzzukanmu ke cikin wannan hali ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Dabarar da anka koya yau tana nan har ranar da za a bukace ta.

Bari mu koma gabas, kusa da yawancin masu saurarenmu. Cikin jahar Maraɗi, arewa da Dakwaro, bayan kwarin Tarka, akwai gandun Gadabeji. A 1955 anka keɓe shi, faɗinshi hekta 76.000. Akwai barewa, da dila, da jan biri, da tuje. Raƙumin dawa ya ɓace daga can shekara kusan 50. A watan Nuwamba 2018 anka ɗauko guda 8 daga yankin Kure, cikin manyan motoci, tafiyar fiye da kilomita 800, anka sake su a Gadabeji. Ku tuna, a 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai sunka rage a ƙasar nan, kuma irinsu babu shi ko'ina cikin daji sai Nijar. Da anka kiyaye su, kafin 2018 sun haura 600. To, yaro nawa ne na Dakwaro ko na Maraɗi ya taɓa ganin raƙumin dawa da idonshi? A littafin lakkwal suke ganinshi, alhali yana cikin jaharsu. Gani ya kori ji. Yaron da ya ga dabbar nan tana miƙa wuya tana cin ganyen ƙaya, in ya girma da wuya ya yarda a harbe ta.

Matsalar hanya a ƙasar rairayi dabam take da ta W. Can da rani ne yashi ke sakewa, mota ta nutse har gindi. In ruwa ya sauka yashi ya kan yi ƙarfi, amma sai kwaruruwa su cika, tabkuna su tsaya bisa hanya. Ga kuma gobarar daji bayan damina, mai cinye abincin bisashe cikin yini ɗaya. Makiyaya sun san amfanin layin da ake sharewa don tare wuta. Hanya mai kyau tana aiki biyu: tana kai masu kashe gobara da sauri, ita kanta kuma shinge ce ga wuta.

Yanzu ƙaƙa ake hanyar da ba ta rufewa? Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: ba dukan hanya ke ɓaci ba. Ku ɗauki hanyar garinku zuwa kasuwa. In kun lura, wuri biyu ko uku ne ke tsaida mutane kowace damina, kuma kullum su ne. Saura duk tana biyuwa. Don haka aikin farko ba na kuɗɗi ba ne, na ƙafa ne da alƙalami. A bi hanyar da damina, bayan ruwa, a rubuta inda ruwa ke kwana, da inda yake ƙetarewa, da tsawon wurin taki nawa. Wanda ya bi hanya da rani kaɗai bai san ta ba.

Babban maƙiyin hanya shi ne ruwan da ya kwanta bisanta, ko ya maishe ta magudana. Saboda haka ana yi mata doro, tsakiya ta fi gefe tudu da kamar santimita 4 ko 5 cikin kowace mita, don ruwa ya zurare. A gina lambatu dama da hagu, a riƙa fidda mashi ƙananan bakuna zuwa cikin daji, kada ya taru ya yi ƙarfi. Inda laka take, a shimfiɗa marmara, jar tsakuwar nan ta bisa tudu, kaurin santimita 15 ko 20, a yayyafa ruwa, a daddaɓe kamar yadda mata ke daɓen ɗaki. Marmarar da ba a daɓe ba, ruwan farko ke tafiya da ita.

Inda ƙorama ta ƙetare hanya, mutane gada suke fara tunani. Gada tana da tsada, kuma in ta yi ƙanƙanta ruwa ya kan ɗauke ta, ko ya ci gefenta ya bar ta tsaye ita kaɗai tsakiyar fili. Kun sha ganin irinta. Abin da ya fi dacewa da ƙoramunmu, masu cika sa'a biyu ko uku su janye, shi ne shimfiɗar duwatsu da siminti cikin gindin ƙoramar, ruwa ya bi ta bisa. Ma'aikata suna ce mata radiye. In ruwa ya zo a dakata, in ya wuce a ƙetare bisa ƙasa mai ƙarfi. Ta gefen da ruwa ke faɗuwa a jera gabiyon, wato duwatsu cikin ragar waya, don kada ruwa ya rarake ƙarƙashinta. Dutse kyauta ne, ƙarfi namu ne. Siminti da waya da ladan magini su ne abin saye.

Akwai wata irin hanya kuma wadda mun cika mantawa da ita, hanyar ƙafa. Ba kowa ke da mota ba, ba kowa ke iya tafiya cikin yashi ba. Akwai tsofaffi, akwai mata masu goyo, akwai makafi, akwai ƴan uwanmu masu keken guragu. Wanda ya taɓa tura keken nan cikin rairayi ya san abin da muke faɗi. Kusa da ƙofar gandu, ko bakin tabki kamar na Madarunfa inda tsuntsaye ke sauka, ana iya yin gajeruwar hanya mai daɓe wadda ke kewayawa ta komo inda ta tashi. Faɗinta mita 2, don keke biyu su wuce juna. Kada hawanta ya wuce mita 1 cikin mita 20. A jera duwatsu gefe don sandar makaho ta riƙa jinsu. A sa wurin zama ƙarƙashin inuwa nan da can. A kafa alluna da sunan itatuwa cikin Hausa da sauran harsunanmu: gawo, aduwa, magarya, kalgo. Ɗalibin yaƙi da jahilci ya karanta da kanshi, ba sai an karanta mashi ba.

Mu yi lissafi tare, malammai su rubuta bisa babban allo. Hanya mai tsawon mita 100, faɗi mita 2, kaurin marmara santimita 15. In an buga, ya ba da lita 30.000. Baro mai cin lita 60 zai yi sawu 500. In mutum 20 sunka fito gayya, kowa sawu 25. A ƙara kaɗan bisa haka, don marmara tana raguwa in an daɓe ta. Kun ga aikin bai fi ƙarfin gari guda ba, in an riga an kawo marmarar kusa da amalanke.

Saura maganar kuɗɗi. Gwamnati tana da nata rabo, ba mu sauke mata ba, don gandun daji nata ne, kuma ba a taɓa komi cikinshi sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Ƙasashen waje ma sun taimaka. Daga 2001 Tarayyar Turai ta zuba kuɗɗi cikin wani shiri mai suna ECOPAS don gandun W na ƙasashen uku, an yi hanyoyi da gine-gine. A 2008 shirin ya ƙare. Haka kowane shiri yake, yana da ranar farawa, yana da ranar ƙarewa. Damina kuwa kowace shekara tana tafe. Wa zai yashe lambatu a shekara ta goma?

Ku ji yadda waɗansu ke yi. A Ingila akwai wata fadama mai suna Wicken Fen, kusa da birnin Kambirij. Ba ta gwamnati ba ce. Wata ƙungiya ce ta jama'a, National Trust, wadda anka kafa a 1895, ta sayi yankin farko na fadamar a 1899, da fam 10. Ƙasar wurin jiƙe take, da sanyi ba ta takuwa. Sai sunka yi dandamali mai tsawo bisa turaku, ya ratsa cikin ciyawar ruwa, mai keken guragu da mai tura jariri suna bi kowane lokaci na shekara. Ƙungiyar tana da ƴaƴa fiye da miliyan 5. Kowa yana biyan kuɗɗin shekara, waɗansu su ba da kyauta, waɗansu su bar wasiyya, waɗansu su ba da ƙarfinsu ranar hutu ba lada. A Faransa kuma akwai wani gidan namun daji a garin Duwe-la-Fonten wanda tun 2001 yake tara gudummuwa yana aiko ma ƙungiyar kiyaye raƙuman dawa ta Nijar, ana gina rijiyoyi, ana ba mata rance a ƙauyukan yankin Kure. Mutanen da yawancinsu ba su taɓa taka ƙasarmu ba ke nan.

Kada wani ya ce wannan dabarar Turawa ce, su masu kuɗɗi. Wa ya koya mamu gayya? Wa ya koya ma mata adashi? Masallatan garuruwanmu nawa ne anka gina da karo-karo? Dattawa suna tune da zamanin Samariya, lokacin Shugaba Seyni Kunce, sa'ad da matasa ke buga tubali su gina azuzuwan lakkwal da hannunsu. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Mai taimako daga waje ya fi saurin sa hannu in ya tarar an riga an tara wani abu, an kuma rubuta shi.

Ga lissafi na biyu, misali ne kawai. A ce gari yana da magidanta 150. Kowa ya ba da dala 20 ranar kasuwa, daga kaka har sati 20. Sati guda jikka 15 ke nan. Sati 20, jikka 300. Ku tambayi kuɗɗin buhun siminti a kasuwarku, ku raba, ku ga buhu nawa za ku samu. Wanda ba shi da kuɗɗi ya ba da tiyar hatsi, ko ya ba da aron amalanke yini biyu, a rubuta mashi kamar kuɗɗi. Ƴan garin da ke ci-rani a Kano ko Abijan ko Agadas a aika masu, yanzu da waya ake turo kuɗɗi. Masu motocin kasuwa, su da sunka fi kowa cin amfanin hanya, su ma a je masu. Ana iya shirya kokowa, abin da anka samu bakin ƙofa ya shiga asusu. Inda baƙi ke biyan kuɗɗin shiga, a zauna da magajin gari da ma'aikatan gandun daji a yanke kason da za a riƙa ajewa don hanya, a sa hannu bisa takarda.

Nan ne ƴan yaƙi da jahilci ke da babban aiki. Tara kuɗɗi ba shi ne mai wuya ba, riƙonsu shi ne mai wuya. Na san wani gari, ba zan faɗi sunanshi ba, inda anka tara kuɗɗin gyaran mashigin ƙorama, anka damƙa ma mutum guda don ana ganin girmanshi. Ba littafi, ba shaida. Da rani ya zo anka tambaya, ya ce an ranta ma wane, wane ya ce ya biya. Mai yiwuwa ma mutumin bai ci ko dala ba, mantuwa ce. Amma ba mai iya nunawa. Ƙoramar tana nan yadda take, kuma abin da ya fi ɓaci, har yau in an ce karo-karo a garin nan sai kowa ya dubi ƙasa.

Don haka a zaɓi kwamiti gaban jama'a, da mata a ciki, da makiyaya, don su ma dajin nasu ne. Mai riƙe kuɗɗi dabam, mai riƙe littafi dabam. Duk wanda ya ba da ko dala guda a rubuta sunanshi, a ba shi ƴar takarda. Kuɗɗi in sun taru kada su kwana cikin ɗaki, a kai su asusun ajiya, kuma kada su fita sai da hannun mutum biyu ko uku. Kowane wata a karanta lissafi da ƙarfi a dandali, a kuma manna shi ƙofar mai gari. A faɗa ma mutane tun farko abin da za a yi: mashigi kaza, mita kaza. Kada a ce "gyaran hanya" kurum, don wannan ba shi da iyaka, ba a sanin ranar da anka gama. Kuma kada a kashe duka. A bar kashi guda cikin goma don gyaran baɗi.

Akwai masu cewa hanya mai kyau cikin daji ƙofa ce ga ɓarna, motar gawayi da ta icce su ma za su bi ta. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, ba mu raina ta ba. Shi ya sa ba a son hanyoyi barkatai. Guda mai kyau, mai shinge da mai tsaro a bakinta, ta fi goma marasa kyau. Ku lura kuma, in hanya ta ɓaci direba ba ya komawa gida, kaucewa yake ya buɗe sabuwa gefe, na bayanshi ya buɗe wata, har wuri ya zama fili mai faɗin gona, ciyawa ta mutu. A nisanta hanya da inda namun daji ke shan ruwa da inda suke haihuwa. Bayan ruwa mai yawa a tsaida manyan motoci har ƙasa ta sha iska, don babbar mota guda bisa jiƙaƙƙar marmara tana ɓata aikin wata guda.

Lokacin aiki kuma sananne ne. Da damina a duba a rubuta. Da kaka, sa'ad da hatsi ke rumbu, a tara kuɗɗi. Da sanyi a kwaso dutse da marmara, tun tabkuna ba su ƙafe ba, don daɓe da siminti duka suna son ruwa. Kafin bazara ta ƙare a yashe lambatu.

Ga aikin da muke ba kowace makaranta kafin hira mai zuwa. Ku zana taswirar hanyar da ta tashi daga garinku zuwa daji ko tabkin da ya fi kusa da ku. Ku sa alama duk inda take yankewa, ku auna wurin da taki, ku rubuta watan da take rufewa da watan da take buɗewa. Malami ya tattara, ya kai kwafi guda ga ma'aikacin gandun daji na wajenku, guda ga magajin gari, guda ya aiko mamu. Za mu karanta waɗanda sunka iso, da sunan garinsu.

Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.